Bencinan da Ruwa Bai Ci Ba

Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Maryam, ina zaune a tsakar gida ina raba goro, na ji Kawunku Bello daga zaure yana ba surukanmu labarina. Na san muryar da yake yi idan zai faɗe shi, sai ya fara gyaran murya kamar mai wa'azi. Ya ce uwarku ta biye wa ɗaukar hoto ta faɗi jarrabawar malanta, ta maimaita shekara, har mahaifinmu ya rasu da baƙin cikinta. Aka yi dariya, wasu suka ce Allah ya kyauta. Na ga Maryam ta sunkuyar da kai, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Shekara da shekaru ina ƙyale shi don yayana ne, amma yanzu maganar ta fara shiga kunnen jikoki. Saboda haka ku zauna ku ji daga bakin wadda abin ya faru a kanta. Na maimaita shekara, wannan gaskiya ne. Jarrabawa kuwa ban taɓa faɗuwa ba, ko ta gwaji.

Kyamarar da ake ta zagi, Kawu Ɗanladi ne ya kawo mini ita, ƙanen Inna, wanda yake jan motar albasa zuwa kudu. Ƙarama ce baƙa mai igiya, irin wadda ake sa wa fim. A lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, kuma malamanmu sun dame mu da cewa malamin kirki ba ya jiran a kawo masa kayan koyarwa, shi yake nemo su a inda yake. Ni kuwa dama tun ina yarinya mai tsince-tsince ce. Sai na samu lasisi. Tsingaron tsohuwar tukunya mai zane da na tono a fadamar Baba, ƙashin kan giwan ruwa, bawon kunkuru, tsohon dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, duk na kwaso na cika ƙarƙashin gadon Inna. Abin da ba ya ɗaukuwa kuma in ɗauke shi a hoto: rumfar ajiyar albasa, masunci yana kwance bisa gora a tsakiyar ruwa, mata suna sheƙar shinkafa. Inna takan ce gidanmu na Argungu ya koma juji mai rufi. Baba shi dariya yake yi. Manomin shinkafa ne da albasa, bai yi boko ba, amma shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatu, a lokacin da 'yan'uwansa suke ce masa ya isa haka. Maƙwabta tun ina aji ɗaya a kwaleji suka fara kirana Malama. Shi kaɗai ya ƙi.

“Ba ni ce miki Malama sai ranad da kinka kawo takarda,” in ji shi. “Kahin nan ke Kulu ta. Na aje kalmar ga, ba ni ɓannata ta.”

Haka muka zauna, yana ajiye da kalmarsa, ni ina ɗokin ranar da zan ji ta a bakinsa. Abin da ya rage mini kawai gwajin koyarwa, wato a tura ɗalibi wata makaranta ya koyar zango guda, shugaban makarantar ya shaida cewa ya iya. Idan bai shaida ba, babu takarda.

Aka tura ni wata tunga a tsallaken gulbi. Ba zan faɗi sunanta ba, don jikokin mutanen suna nan, kuma ba su yi mini laifin komai ba. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika, sai a jirgi ake shiga garin. Makarantar ɗaki biyu ce da gindin tsamiya. Allo akwai, alli wani lokaci. Wurin zama babu ko ɗaya. Yara suna zuwa da yankin buhu ko tsohuwar tabarma, wanda bai samu ba ya zauna a ƙasa, kuma ƙasar da danshi. Suna rubutu a bisa gwiwa, littafi yana lanƙwasa. Idan an tashi za ka ga bayan rigunansu duk laka. Hedimastan wani dogon mutum ne mai fara'a, yara suna kiransa Ba-Komi a ɓoye, saboda duk abin da aka kai masa amsarsa ke nan. Rufi na yoyo, ba komi. Malami bai zo ba, ba komi. Da na yi masa maganar zaman ƙasa a makon farko, murmushi ya yi.

“Ba komi, Malama, ba komi. Ƙasa ma ai Allah yay yi ta. Mu ma bisa ita munka yi karatu.”

Shi a lokacin yana zaune a kujera mai hannu.

Wata safiya na sauka bakin gulbi in tsinto bawon katantanwa don darasin ƙirga. Ina duƙe sai na ji ƙarar ruwa, na ɗaga kai, na ga jirgi yana tahowa cike da bencina. Sababbi ne, koraye shar, an kifa su ƙafafu sama kamar awakin da aka ɗaure za a kai kasuwa. Rana tana fitowa a bayansu, inuwarsu tana rawa a ruwa. Wallahi ban yi tunanin komai ba sai cewa abin ya yi kyau. Na ɗaga kyamara na ɗauka. Zuciyata fari ƙal, na ce yau Allah ya amsa, yarana sun bar ƙasa. Har na yi wa mai jirgin sannu da aikin alheri. Tsoho ne, ya dube ni, ya tofar da goro.

“Ke baƙuwa ta halan? Waɗanga ba zama sunka zo yi ba. Sun hi ni sanin gulbin ga. Jiya suna tungar gabas, gobe suna ta yamma. Su ka shiga gaba, baƙi na biye.”

Sai a nan na gane. An ce an raba wa makarantun yankin bencina, kowace da nata, kuma manya suna zagayawa su gani da ido. Ashe na aji ɗaya kawai aka yi. Su ake ɗauka a jirgi a riga baƙin isa, a jera, baƙi su gani su yaba, su juya baya a kwashe a kai gaba. Kowa a bakin gulbin ya sani. Masunta sun sani, mata masu wanki sun sani, har suna yi wa bencinan kirari idan sun wuce.

Ba-Komi ya sa yara suka kwaso su a ka zuwa aji. Ya tsaya yana koya musu yadda za su zauna kamar sun saba, kada kowa ya riƙa shafa katakon, kada kowa ya leƙa ƙarƙashi. Ya ce in ɗauki ajin a hoto, za a aika ofis. Na ɗauka, don ban ga laifin ɗaukar yara suna murna ba. Baƙin suka zo da hantsi cikin manyan riguna, suka leƙa ta ƙofa, aka yi musu waƙar maraba, suka wuce gidan Maigari cin kifi. Ba su kai ga wanke hannu ba aka ce yara su tashi a mayar da kaya bakin ruwa. Akwai wata yarinya a ajina, Ige, 'yar ƙarama mai kaifin kai, wadda kullum take zama a gaba a kan yankin buhun taki. Ita ta ƙi tashi. Ta rungume bencin da hannu biyu, ta ɗago ta dube ni.

“Malama, ba namu na ba? Ba an ce namu na ba?”

Wani malami ya ɓamɓare yatsunta, aka ɗora mata bencin a ka ita da wata, su suka kai shi jirgi. Na koyar da sauran darasin ranar, kuma ban taɓa jin kunya irin ta wannan yini ba.

Yanzu ku lura da kyau, don nan ne Kawunku yake murɗa labarin. Ni ban kai ƙarar kowa ba. Ban san ma inda ake kai ƙara ba. Ƙarshen mako na shiga mota zuwa Birnin Kebbi na kai fim ɗin wanki, kamar yadda hedimasta ya umarta. A unguwar Nasarawa akwai wani Bayarabe mai shagon hoto da muke kira Baba Ibadan, ya daɗe a garin, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Yana da wata al'ada: duk hoton da ya wanke ya burge shi, sai ya ƙara wanke ɗaya ya liƙa a akwatin gilashi a ƙofar shago. Ba ya tambayar mai shi, don a wurinsa girmamawa ce, mutane ma roƙonsa suke yi ya liƙa nasu. To shagon nan a kan hanyar ma'aikatan gwamnati yake, can suke zuwa ɗaukar ƙaramin hoto na takardun aiki. Da na dawo karɓa bayan mako guda, tun daga nesa na hango mutane sun taru a gaban gilashin suna ƙyaƙyata dariya. Ya liƙa hoton jirgin, ya liƙa na ajin a gefensa, korayen bencina nan da can. Ya tarbe ni da murna.

“Kulu, kin gama da kowa! Ni tunda nake wanke hoto ban taɓa ganin benci yana tafiya a ruwa ba. Har manyan ofis sun zo sun kalla, ɗaya ma bai yi dariya ba, ya tambayi sunanki.”

Na roƙe shi ya cire, ya cire nan take yana ba ni haƙuri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma duk garin ya gani.

Ranar Litinin Ba-Komi ya kira ni ofishinsa. A karo na farko tun zuwana bai ce ba komi ba. Ya rufe ƙofa, ya ce za a zo bincike, kuma an riga an shirya abin da za a faɗa. Za a ce hoton jirgin na ranar da aka kawo wa makarantar bencinanta ne, sun zauna a aji, daga baya ruwa ya yi ambaliya ya tafi da su. Sauran malamai sun yarda. Saura ni, mai hoton. In na tsaya gaban masu bincike na ce da idona na ga ruwa ya ci su, zai rubuta mini shaidar da ba a taɓa rubuta wa ɗalibi ba. In na ƙi, to, shi ma yana da ido, ya ga yadda nake barin aji in tafi yawon bakin gulbi. Na ce masa kafin a buga ƙararrawa nake zuwa bakin gulbi, kuma shi kansa ya yaba darasin bawon katantanwa. Ya ce bai tuna ba.

Na tafi gida Argungu da wannan a raina. Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida, Baba a kan buzunsa yana gyaran igiyar jaki, Inna tana tsince shinkafa, Bello yana tsaye don ba ya iya zama idan yana fushi. Abin da ba ya gaya muku shi ne a lokacin yana neman aiki a ofishin manyan da suka ce sun raba bencinan, an yi masa alkawari, yana tsoron sunan gidanmu ya ɓaci. Shi ya fara.

“Ke kaɗai ad da ido? Duk malamman da sunka gani sunka yi kurum, makahi na? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa ka duka. Ki ce ruwa ya ci, a wuce wurin!”

Na ce in na faɗi haka, an rubuta ke nan cewa tungar ta samu rabonta, ba za a sake kawo musu ko ƙafar benci ba. Ige za ta gama makaranta a kan buhun taki, kuma da bakina. Baba bai ɗago ba, yana ta murɗa igiya. Da ya yi magana a hankali ya yi, kuma ta fi ta Bello ciwo.

“Kulu, gulbin ga ya ci shinkahwata, ya ci jakkai, ya ci mutane. In an ce ya ci benci, ba shi zuwa gaban alƙali shi ce an yi mai ƙarya. Ke yarinya ta, su manya na. Ki amso takardarki tukuna, in kin zama wani abu ki gyara abin da kika son gyarawa. Ni na tsuhwa, ina son in gani.”

Inna ta ajiye faifai.

“Malam, kai da ba ka sa ruɓaɓɓar albasa ƙasan buhu, kai ka ce mata hakanga?”

“Albasa tawa ta,” in ji shi. “Wagga ɗiyata ta.”

Na fahimce shi sarai, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Tsoho ne da ya yi faɗa da dangi a kan karatun 'yarsa, yana ganin abin ya zo hannu zai kuɓuce. Na kwana biyu ina juya maganar, ina gwada faɗin ta a raina: na ga ruwa ya ci su. Duk lokacin da na kai tsakiya sai in ga yatsun Ige ana ɓamɓarewa. Bakina ya ƙi.

Ranar bincike suka zauna a gindin tsamiya a kan kujerun da aka aro daga gidan Maigari, ko wannan bai ba su kunya ba. Malamai suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga ambaliya, wani har ya ce ya yi iyo ya kama benci ɗaya ya kuɓuce masa. Da aka zo kaina na faɗi abin da na gani, daga safiyar jirgin har zuwa lokacin da aka mayar da su. Ba wanda ya daka mini tsawa. Da ma sun yi, da na fi jin sauƙi. Babbansu ya yi murmushi, ya ce an gode, Allah ya yi mini albarka, irina ake nema a ƙasa. Na fito ina ganin gaskiya ta yi halinta. Wauta ta ƙuruciya ke nan. Da zango ya ƙare, aka aika kwaleji cewa ɗalibar nan ba ta da natsuwa, tana barin yara tana yawon ɗaukar hoto, ba ta girmama na gaba. Aka ce in sake gwajin koyarwa baɗi. Ba-Komi aka ɗauke shi aka kai shi babbar makaranta a cikin gari, ka ji hukunci. Bencinan kuwa aka daina yawo da su, aka kulle su a wani ɗaki don kada wani ya sake ɗaukar su a hoto. Na ji daga baya gara ce ta cinye su. Ba yaro ɗaya da ya sake zama a kansu. Idan na tuna wannan, ko yanzu da furfura a kaina, sai in ji jinina yana tafasa.

Bello bai samu aikin ba, kuma bai yafe mini ba har gobe. Baba ya daina yi mini wasa. Yana amsa gaisuwata, yana ci in na kai masa abinci, amma dariyar nan ta tsince-tsincena ta ɗauke. Lokacin cirar albasa ya kwanta ciwo, ciwon da bai tashi ba. Abin da zan gaya muku yanzu ni da Inna kawai muke wurin, Bello yana kasuwa. Wata rana da hantsi ina ba shi kunu, sai ya ce in kawo masa hoton nan da ya jawo mana. Bai taɓa yarda ya kalle shi ba. Na ɗauko na miƙa masa. Ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Dariya yake yi, har tari ya sarƙe shi Inna ta riƙe masa kai.

“Ashe da gaske ƙahwahunsu sama,” in ji shi. “Kai, mutane ba su da kunya.”

Ya miƙo mini, ya riƙe hannuna tare da hoton.

“Kulu, aje shi inda ruwa ba ya ci nai.”

Wannan ba maganar mai baƙin ciki da 'yarsa ba ce, kuma Inna ta faɗa wa Bello haka tun tana raye, ya toshe kunne. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, Kulu ya kira ni, ba Malama ba. Na tsaya ina jira ko zai ƙara da ɗayar, bai ƙara ba. Mutum ne mai magana ɗaya, takarda ba ta zo ba, ya tafi da kalmarsa. Na karɓi takardar bayan shekara guda, na shigo da ita gida, na tsaya a inda yake shimfiɗa buzunsa, ban san wa zan miƙa wa ba. Daga nan na koyar har na yi ritaya. Yara da iyayensu da jikokinsu sun kira ni Malama, ku kanku kun tashi kun ji duk unguwa tana faɗa. Ban taɓa jin ta daga bakin da nake so ba, kuma wannan ne kuɗin da na biya, ni na san nauyinsa, ba Bello ba.

Hoton shi ne wanda yake rataye a falo sama da talabijin, wanda kuke cewa ya koɗe in cire in sa na Makka. Ba zan cire ba. Duk ranar da Kawunku ya sake gyara murya zai ba da labarina, kada ku yi masa rashin kunya, babba ne. Ɗaya daga cikinku ya tashi ya sauko da hoton, ya sa masa a hannu a gaban mutanen, ya ce, Kawu, bencinan nan, ruwa ne ya ci su?